Yadda za ka kalli bikin finafinan Balin ba tare da katin gayyata ba

Ranar wata Laraba cikin Fabrairun 2023 na ajiye wayata a kan tebur, na shiga kicin in ɗora ruwan shayi. Ko da na dawo, agogo ya nuna goma da minti bakwai. Tun da daddare na rubuta finafinai huɗu a bayan wata ambulan, kowanne da lokacinsa da gidan kallonsa, har na ja layi biyu a ƙarƙashin wanda na fi ƙwallafa wa rai. Na buɗe shafin sayar da tikiti, sai na tarar duka huɗun an wawashe su. Shayin nan ban san yadda na shanye shi ba.

Na fara da wannan ne saboda duk wanda ya tambaye ni yadda ake zuwa Berlinale, bikin baje kolin finafinai na birnin Balin, hankalinsa na kan katin gayyata. Wani ƙanena da ke aikin tace fim a Titin Gidan Zoo a Kano ya ishe ni da saƙon murya: "Yaya, don Allah wa ya yi maka hanya?" Babu wanda ya yi mini hanya. Ni ma'aikaci ne a gidan kula da tsofaffi a Leipzig, ba ni da kowa a harkar fim sai shi, abin da ya haɗa ni da ita kuwa bai wuce kallon Indiya da na sha a silimar Fagge ina yaro ba. Duk shekara nakan ɗauki hutun kwana biyar, in hau jirgin ƙasa na sa'a ɗaya da 'yan mintuna, in sauka a wajen wani abokina a unguwar Neukölln, in sayi tikiti da kuɗina kamar kowa. A nan Balin ta sha bamban da Cannes ta Faransa, inda yawancin kallon na 'yan sana'a ne da 'yan jarida masu kati a wuya. A Balin ana sayar wa mutanen gari tikiti sama da 300,000 a kowace shekara. Abu uku kawai za ka iya: ƙarfe goma na safe, taswirar gari, da sa kayan sanyi.

An fara bikin a watan Yunin 1951, lokacin da garin ke rabe kuma rabinsa kango ne bayan yaƙi. Wani jami'in sojan Amurka mai kula da harkar fim, Oscar Martay, shi ya kawo shawarar, don a nuna wa ɓangaren gabas cewa yamma na da rai. Sai a 1978 aka mayar da shi watan Fabrairu, kuma tun daga nan muke shan sanyi. Ana buɗewa ranar Alhamis, a yi kwana goma sha ɗaya, a raba kyaututtuka daren Asabar ta biyu, a rufe ranar Lahadi. Babbar kyautar ɗan mutum-mutumin dabbar beyar ne na zinare, don beyar ita ce tambarin garin.

Ƙarfe goma na safe

Tikitin kowane kallo ana sakinsa ne kwana uku kafin ranarsa, ƙarfe goma na safe cif. Fim ɗin Asabar, Laraba ake sayensa. Na Lahadi, Alhamis. Mutum ɗaya ba ya wuce tikiti biyu a kallo ɗaya. A shekarun baya layi ake yi a cikin rukunin shagunan Potsdamer Platz, wani dandali a tsakiyar gari, wasu har da bargo suke zuwa su kwana a bakin wurin, wato in ka yi sammako wani a tafe ya kwana, ba a karin magana kaɗai ba. Yanzu layin ya koma intanet, amma halin mutanen bai sauya ba.

Ga yadda nake yi tun bayan ranar shayin. Asusun sayen tikiti nakan buɗe shi tun ana saura mako guda, in tabbatar na riƙe kalmar sirri, in ajiye katin banki a gefe. Ƙarfe goma saura minti goma na riga na shiga, na buɗe jadawalin ranar da nake nema. A takardata kowane lokaci na rana yana da fim uku: wanda nake so, wanda zan haƙura da shi, da wanda ban san komai a kansa ba amma yana wuri mai sauƙin zuwa. Da goma ta buga, na farko nake cafka, in biya nan take, sannan in dawo neman saura. Kada ka tsaya tara tikiti huɗu a kwando kana jiran ka biya gaba ɗaya, kuma kada ka tsaya kiran aboki kana tambayarsa ko zai samu zuwa. Ka sayi biyu, in bai zo ba ka nemi wani.

Abin da ban gane ba a shekarar farko shi ne, kusan kowane fim ana maimaita shi sau da yawa a wurare daban-daban. Nunin farko, wanda taurari ke halarta, shi kowa ke rububi. Maimaicin washegari da ƙarfe tara ko goma na safe, ko wanda aka kai babban zaure a wata unguwa, sau da yawa za ka same shi a zaune har azahar. Fim ɗin dai shi ne, ba a rage masa ko minti ɗaya ba. Sannan wanda aka ce ya ƙare ba lallai ya ƙare har abada ba. Tikiti kan sake fitowa jefi-jefi, musamman a jajibirin kallon ko a safiyarsa. Na taɓa samun guda ina tsaye a cikin bas, saura sa'a biyu a fara.

Wani sauƙi da mutanenmu ba su lura da shi ba: a lokacin sanyi agogon Jamus daidai yake da na Najeriya da Nijar. Goma a Balin goma ce a Kano, goma ce a Damagaram. Wanda jirginsa sai Juma'a zai tashi, yana iya sayen tikitin Asabar da Lahadi yana zaune a gida. Sai dai ka gwada katinka tun da wuri ka ga ko yana biya a shafukan ƙasashen waje. In yana gardama, ka nemi wani ɗan'uwa a Turai ya biya maka ku daidaita. Kuɗin tikiti na gama-gari da na biya a 'yan shekarun nan wajen Yuro 15 ne, na babban zaure ya ɗara haka. Tikitin a waya yake zuwa, don haka ka ɗauki hotonsa ka ajiye, kada intanet ya ba ka kunya a bakin ƙofa.

Wanne za ka kalla a cikin ɗari biyu?

Cikakken jadawali kan fito ana saura kwanaki kaɗan a fara, kuma finafinan kan kai 200 ko fiye. Mai himma ƙwarai uku yake iya kallo a rana. Na taɓa gwada huɗu, na huɗun ban san ƙarshensa ba, wani bawan Allah ne ya taɓa kafaɗata bayan an kunna fitilu. To tunda goma sha biyar ne iyakarka a kwana biyar, dole ka san rukunan.

Akwai babbar gasa, finafinai wajen ashirin da ke neman beyar. Su jaridu ke rubutu a kansu, su ne kuma mafi wuyar samu. Akwai Panorama, wanda ni a nan na fi zama: labarai ne masu tafiya, daga ƙasashe iri-iri, kuma 'yan kallo ke zaɓen gwani da ƙuri'arsu. Akwai Forum, wanda aka kafa a 1971 bayan rigimar da ta tarwatsa gasar 1970, lokacin da alƙalai suka watse a kan wani fim da ya taɓo yaƙin Biyetnam, aka tashi ba a ba kowa kyauta ba. Forum na masu haƙuri ne. Za a iya kafa kyamara a kan taga minti shida ba wanda ya yi magana. Wani lokaci ka fito kana jin an buɗe maka ido, wani lokaci ka fito kana lissafin Yuronka. Akwai Generation na yara da matasa, akwai na gajerun finafinai, akwai na tsofaffin finafinai da aka gyara, sannan tun 2025, shekarar farko da aka yi bikin a ƙarƙashin jagorancin Tricia Tuttle, an ƙara Perspectives na daraktocin da suka yi dogon fim ɗinsu na farko.

Shawarata, wadda ba kowa zai yarda da ita ba: ka bar fim ɗin da ke da babban tauraron Amurka. Wannan ko ba jima ko ba daɗe zai same ka har a wayarka. Ka nemi wanda in ba a nan ba, ba za ka ƙara jin ɗuriyarsa ba. A waccan shekarar da na yi asarar huɗu, cike gurbi na yi da wani fim na Apolline Traoré 'yar Burkina Faso, mai suna Sira, labarin wata budurwa Bafulatana da 'yan bindiga suka afka wa ayarinsu a Sahel. Ina zaune a tsakiyar Jamusawa ɗaruruwa, sai ga Fulatanci yana fitowa daga lasifika. Ba na jin yaren sosai, amma kunnena ya san shi tun daga masu tallan nono a ƙofar gidanmu. Da aka tashi na jefa ƙuri'ata, kuma a ƙarshen mako shi ya ci kyautar 'yan kallo ta Panorama. Tun daga ranar, in jadawali ya fito, da sunan ƙasa nake fara bincike: Senegal, Sudan, Chadi, Iran, Najeriya in an dace.

A 2024 na samu maimaicin Dahomey na Mati Diop, shirin gaskiya a kan kayan sarauta 26 da Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin a 2021. Bai fi sa'a ɗaya da 'yan mintuna ba, kuma rabin daɗinsa muhawarar ɗaliban jami'a ce a kan ko wannan abin murna ne ko cin fuska, tunda dubbai aka kwashe. Shi ya ɗauki beyar na zinare a shekarar, Lupita Nyong'o ce shugabar alƙalai. In ka samu sarari tsakanin kallo biyu, ka taka daga Potsdamer Platz zuwa titin Wilhelmstrasse, tafiyar minti goma ce. A bakin titin akwai wani allo mai taswirar Afirka da ke nuna inda aka zauna taron Balin na 1884 zuwa 1885. Ginin babu shi, gidajen haya ne a wurin yanzu, mutane na wucewa da karnukansu. Na daɗe a tsaye a gabansa har yatsuna suka daina ji.

Abu biyu da ya kamata a faɗa maka tun kafin ka biya. Na farko, in ban da rukunin Generation, sai wanda ya kai shekara 18 ake bari ya shiga, kuma da dalili. Finafinan nan ba su bi ta hannun hukumar tace finafinai irin tamu ba. Tsiraici da abin da ya fi shi kan fito ba sallama. Ka karanta bayanin fim da kyau, ka duba abin da masu sharhi suka rubuta bayan nunin farko, musamman in da iyalinka ko surukinka za ka je. Ni nakan zaɓi kujerar bakin hanya in ina da shakka, in abin ya wuce gona da iri in sulale. Na biyu, kowane fim da harshensa na asali ake nuna shi, da fassarar Ingilishi a ƙasan allo. Ba ka buƙatar Jamusanci, amma kana buƙatar saurin karatu. A finafinan ƙananan yara kuwa wani mutum ke zama da makirufo yana karanta fassarar Jamusanci kai tsaye, sai na tuna masu fassara Indiya na gida, sai dai shi wannan ba ya ƙara gishiri.

Kada ka tashi da zarar sunaye sun fara hawa. A Panorama da Forum da Generation sau da yawa darakta na nan a zauren, zai hau dandamali a yi tambaya da amsa na kusan minti ashirin. Ka ɗaga hannu, za a miƙo maka makirufo. Tambaya ɗaya gajeriya ake so. Mai dogon sharhi kafin ya kai ga tambaya, za ka ji zauren ya fara gyaran murya.

Gari ne mai faɗi

Kuskuren baƙo shi ne ya ɗauka bikin a wuri ɗaya yake. Cibiyarsa dai Potsdamer Platz ce tun shekarar 2000, inda babban zauren Berlinale Palast yake, mai cin mutum sama da 1,500. Filin nan kafin 1989 fayau yake, katangar Balin ta ratsa ta tsakiyarsa, har yanzu akwai layin duwatsu a ƙasa da ke nuna inda ta bi. Amma gidajen kallon a warwatse suke: Zoo Palast a yamma kusa da wani coci mai karyayyar hasumiya, Cubix a Alexanderplatz ta gabas, Delphi, Haus der Berliner Festspiele, da wasu a unguwanni. Zoo Palast na fi so, gini ne na 1957 mai kujeru masu taushi da labule da ke buɗewa a hankali. Na aika wa ƙanena hotonsa na ce ga naku Gidan Zoo ɗin na Turai. Babban zauren Berlinale Palast kuwa, in tikitinka na can saman bene ne, allon zai yi maka nisa kuma gwiwarka za ta gaya maka.

Layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na U2 shi ne igiyar da ta ɗaure manyan wuraren uku: Zoologischer Garten, Potsdamer Platz, Alexanderplatz, kowanne wajen minti goma daga na tsakiya. In za ka kama masauki, ka nemi wanda ke kusa da wannan layin, ko da unguwar da nisa, ya fi otal mai tsada a tsakiyar gari. Ka kama tun kafin sabuwar shekara, don farashi na tashi a makon bikin. Ni daga Neukölln bas mai lamba M41 nake hawa, daga titin Sonnenallee har Potsdamer Platz.

Tsakanin ƙarshen fim da farkon wani a wuri daban, ka bar sa'a ɗaya da rabi. Na taɓa barin minti arba'in, na ce ai jirgi minti ashirin ne. Aka ɗan makara wajen farawa, na tsaya jin amsar tambaya ɗaya, na sauka ta ƙofar tasha da ba ita ba, na iso da gudu minti huɗu bayan an kashe fitila. Matashiyar da ke bakin ƙofa ta dube ni da tausayi ta girgiza kai. In an fara an rufe ke nan, ba roƙo, ba "ranki ya daɗe", ba a kuma mayar da kuɗi. Ka iso da rabin sa'a a hannu, kuma ka bar babbar jaka a masauki.

Jiragen garin ba su da shinge a bakin tasha, kowa shiga yake yi kamar kyauta. Ba kyauta ba ce. In tikitin takarda ka saya, sai ka tura shi cikin ɗan akwatin da ke kan dandamali ya buga masa lokaci, in ba haka ba daidai yake da babu. Masu bincike cikin kayan gida suke shigowa, sai ƙofa ta rufe su fito da katinsu, tarar kuma Yuro 60 ce, kuɗin fim huɗu. Cikin gari tikitin shiyyar AB ya isa, na sa'a 24 ya fi sauƙi ga mai yawo. Filin jirgin sama yana shiyyar C, don haka ranar isowa da ranar komawa ABC za ka saya. Ka kuma riƙa duba labarai: a 2025 ma'aikatan bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa sun yi yajin aikin kwana biyu ana tsakiyar biki, S-Bahn, ɗaya jirgin ƙasan na cikin gari, shi ne ya cece mu, da ƙafa.

Sanyi, ciki da salla

Hunturun Kano wasa ne. A nan ma'auni na yawo ne a kusa da sifiri, wani lokaci ya faɗa ƙasa, ga iska mai ratsa ƙashi a tsakanin dogayen ginen Potsdamer Platz. A 2025 dusar ƙanƙara ce ta tarbi ranar buɗewa. Amma matsalar ba sanyin kaɗai ba ce: cikin zaure ɗumi ne sosai, mutum ɗari takwas na numfashi. Wanda ya sa rigar sanyi ƙatuwa guda ɗaya a kan singileti zai wahala a waje ko a ciki. Hawa-hawa ake sawa, dogon wando na ciki, riga mai dogon hannu, suwaita, sannan babbar riga da za ka cire ka ɗora a cinya. Hula mai rufe kunne, safar hannu, takalmi mai kaurin ƙasa. Man kaɗanya a aljihu saboda leɓe. Sanyi na zuƙe batirin waya, tikitinka kuma a ciki yake, to ka riƙe abin caji na tafi-da-gidanka.

Abinci a kewayen Potsdamer Platz tsada ne kuma ba daɗi. Tsiran nan da ake yayyankawa a zuba masa jan miya, wanda kowa zai ce sai ka ɗanɗana, yawanci naman alade ne, ka tambaya kafin ka miƙa hannu. Shagunan Turkawa masu döner, wato irin shawarmarsu, sun cika gari, a Sonnenallee kuwa sai ka rantse kana wata ƙasar Larabawa, ga gasasshiyar kaza ga falafel ga shayi mai zafi, da araha. Ka riƙe tsabar kuɗi, ƙananan shaguna da yawa ba sa karɓar kati. Ni dabino da gyaɗa nake zubawa a aljihu, in ci a layi.

Lokutan salla a matse suke a Fabrairu: azahar wajen sha biyu da rabi, la'asar wajen uku, magariba biyar da 'yan mintuna. Fim ɗin da ya fara ƙarfe uku da rabi zai iya fito da kai bayan duhu. Da wannan nake tsara jadawalina, in bar tsakar rana a buɗe. Ƙaramar robar ruwa ita ce butata, sallaya mai naɗewa na cikin aljihun babbar riga. Matafiyi ya tambayi malaminsa hukuncin ƙasaru da haɗa salla kafin ya taso. Juma'a nakan je masallacin Şehitlik na Turkawa a titin Columbiadamm, gefen tsohon filin jirgin Tempelhof. A 2026 azumi ya kama ana tsakiyar bikin, kuma tunda yana matsowa da kwana goma sha ɗaya duk shekara, bikin 2027 da na 2028 ma a cikinsa suke faɗowa. Yinin gajere ne, ba ƙishirwa, amma kowa ya san abin da ya dace da azuminsa, sai ya auna.

Mai tasowa daga gida, ba a fafe gora ranar tafiya. Bizar Schengen, ta shiga Jamus da wasu ƙasashen Turai, ake nema, ana iya shigar da takardu tun ana saura wata shida, kuɗinta Yuro 90 tun tsakiyar 2024, kuma sai da inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, da shaidar masauki, da bayanan asusun banki, da abin da ke nuna kana da aiki ko sana'ar da za ka koma wa. Samun ranar ganawa shi ke cin lokaci, don haka ka fara tun Satumba ko Oktoba. Ka faɗi gaskiyar abin da zai kai ka. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya samo maka "takardar gayyatar biki", ka riƙe kuɗinka.

Zuwa ga ƙanena da abokan sana'arsa

Ku naku ya bambanta da nawa. Ɗan sana'a na iya neman katin shaida na bikin, ana buɗe nema tun kafin ƙarshen shekara, da kuɗi, da hujjar cewa da gaske kana aikin. A daidai lokacin kuma ake cin kasuwar finafinai ta Turai a ginin Gropius Bau, 'yan mintuna daga Potsdamer Platz, inda masu saye da masu rarrabawa ke zama. Katin shigarta daban ne kuma da tsada, ba wurin zuwa ba ne in ba ka da abin sayarwa a hannu da alƙawuran ganawa da ka ƙulla tun daga gida.

Ƙofar da na fi ganin ta dace da matashi ita ce Berlinale Talents, da aka fara a 2003. Duk shekara ana zaɓen mutum wajen 200 daga duniya, ba daraktoci kaɗai ba, har masu tacewa, masu ɗaukar hoto, masu sauti, marubuta. Ana buɗe nema da damina, a rufe wajen farkon Satumba, a nemi samfurin aikinka. Ka zaɓi 'yan mintunan da suka fi kyau a duk abin da ka taɓa yi, ka sa musu fassarar Ingilishi da wanda ya iya ya duba, ba irin wadda muke gani ana dariya ba. Akwai kuma asusun World Cinema Fund, tun 2004, mai tallafa wa finafinai daga yankuna irin namu, yawanci tare da abokin aiki daga Jamus ko Turai. Mai son aika fim ɗinsa gasa kuwa, wajen Oktoba zuwa Nuwamba ake rufe karɓa, gajeren fim kada ya wuce minti 30. Ga inda al'adarmu ke karo da tasu: suna son su ne farkon nunawa. Fim ɗin da ka riga ka ɗora a YouTube ranar Juma'a da daddare, ya fita daga lissafi.

Jar darduma, in kana son gani, kyauta ce. Ka je dandalin Marlene-Dietrich-Platz gaban babban zaure da yamma, ka tsaya bayan shinge. Na yi sau ɗaya, sa'a biyu a tsaye, abin da na gani ƙeyar wani ɗan wasa ce da hannun wata mata tana ɗagawa. Sau ɗayan ya ishe ni.

Ranar da na fi so ita ce Lahadin ƙarshe, ranar 'yan kallo. An raba kyaututtuka daren jiya, baƙi sun kama hanyar filin jirgi, ana maimaita finafinai daga kowane rukuni a farashi mai rahusa. Tikitinta ba ya bin ƙa'idar kwana uku, tun ranar farko ta sayarwa ake sakinsa, wato Litinin ɗin da ke gaban buɗewa. A ranar nakan sayi biyu daga cikin na gasa ido rufe, ban san wanda zai ci ba, in jira in gani ko na yi sa'a. Sai dai ka tuna Lahadi ce a Jamus: kantuna a rufe suke, in ban da na manyan tashoshin jirgi da 'yan shagunan unguwa. Tsarabar yara da jakar bikin da ƙanenka ya ce lallai ka kawo masa, ka saye su tun Asabar.